Akori-Kurar Baba a Fanteka

A ƙauyenmu da ke ƙasar Soba, idan naƙuda ta zo wa mace da gardama cikin dare, babu mai tunanin motar asibiti. Ƙofar Baba ake bugawa. Fiye da shekara 20 ke nan akori-kurarsa, wata farar Hilux ƙirar farkon shekarun 1990, take wannan aiki. A shimfiɗa katifa a baya, mata biyu su hau su riƙe mai naƙuda, ƙanena ya ja su zuwa asibiti. Gari na wayewa kuma ta koma sana'arta: taki zuwa gona, masara zuwa kasuwar Maigana, ranar biki ta kwashi 'yan kai amarya da kayan jere. Ni kaina a bayanta na zauna a kan akwatina ranar da aka kai ni makarantar koyon aikin jinya.

Da kakar bara na je gida hutun ƙarshen mako, na tarar da ita a gindin darbejiya, sai na ga tsayuwarta ba daidai ba. Tsakiyarta ta lotsa kamar bayan jakin da ya sha kaya, har saman akwatin baya ya kusa taɓa kan motar. Ƙanena ya ce shekaranjiya sun faɗa wani rami da lodin masara, ya ji wani abu ya ce ƙas a ƙasa, amma tunda tana tafiya bai ɗauke shi komai ba. A aikinmu idan majinyaci ya ce "nan ne," hannu ake kaiwa. Na tattare zanina, na durƙusa, na kunna fitilar waya. Akwai wasu dogayen ƙarafa biyu da suka tashi tun daga gaban motar har baya, a kansu komai yake zaune. Na danna ɗaya da babban yatsa, daidai gaban tayar baya. Yatsana ya shige ciki. Abin da ya zubo a tafin hannuna kamar ɓawon gurasar da ta ƙone.

Kusa da wurin kuma ga wani guntun rodi da wani mai walda ya taɓa liƙawa a kan tsaga, ya shafe da baƙin fenti.

"Mamana, duk bayan shekara biyu sai na yi mata fenti fa," in ji Baba. Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana.

"Baba, saman ake yi wa fenti. Ƙasan fa?"

Bai amsa ba. Na ce masa daga yau ko buhu ɗaya kada ta sake ɗauka, balle mutum. Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta lissafin matan da aka kwantar a bayan motar nan cikin damina, a kan ƙarfen da yatsa ke hudawa.

Kanikawa casis suke kiran waɗannan ƙarafa, kuma duk wanda muka tambaya a Zariya amsarsa ɗaya: aikin casis sai Fanteka a Kaduna. Ƙanena ya so ya lallaɓa ta a hankali, na ƙi. Muka samu wata babbar mota da ta sauke taki za ta koma ba kaya, aka tura akori-kura ta kan tudu ta hau bayanta, aka ɗaure. Mota a kan mota. Na haɗa hutun da nake bi na aikin dare, muka kama hanya da asuba, ni da Baba a gaba kusa da direba, ƙanena a baya. Daga Zariya zuwa Kaduna kimanin kilomita 80 ne, amma Baba bai ga Jaji ba, bai ga Birnin Yero ba, domin duk ramin da muka shiga sai ya waiga ya dubi motarsa ta madubi. Sai da muka wuce Maraban Jos muka doshi Kawo sannan ya saki jiki ya karɓi shayin da na zuba masa.

Fanteka biyu ce a Kaduna. Akwai tsohuwa a wajen Tudun Wada, maƙwabciyar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, akwai kuma sabuwa a gefen titin baifas. A wani gareji a sabuwar aka sauke mu. Kafin ki ga komai kunnenki zai fara gaya miki inda kike. Guduma a kan ƙarfe ta ko'ina, kukan injin yanka, gurnanin janareto, ga wa'azi daga rediyon wani, ga waƙa daga wayar wani. Ƙasar wurin baƙa ce ƙirin saboda shekaru na baƙin mai, tana ƙyalli da ɓarɓashin ƙarfe. An jera ƙofofin motoci a jingine kamar allunan makarantar allo, injina a ƙasa an rufe su da buhu, kawunan motoci an yanke su rabi an ɗora wani kan wani. Na zo da farin takalmi. Kada wadda ta yi wannan kuskuren.

Mai garejin dattijo ne, gemunsa ya yi furfura, hannayensa duk tabon ƙuna. Ya gaisa da Baba gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi amfanin gona, sannan ya ɗauki wata 'yar guduma ya shige ƙarƙashin motar. Muna tsaye muna jin sa. Daga gaba ƙarar tana fita tangararas, kamar an buga ƙarfen makaranta. Da ya wuce tsakiya sai ta koma dum-dum, kamar ana bugun kabewa. Na yi murmushi ni kaɗai, domin haka likita ke ƙwanƙwasa ƙirjin majinyaci yana sauraren inda ruwa ya taru. Ya fito yana kakkaɓe tsatsa daga hularsa.

"Alhaji, motar nan 'yar Kwatano ce ko?"

Baba ya ce ƙwarai, ta can ta shigo, daga Turai.

"To tun daga can ta taho da ciwonta."

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya yi mana bayani, ni kuwa na buɗe waya ina rubutawa. A ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, gishiri ake watsawa a titi don ta narke, ruwan gishirin kuma yana fantsama ya shige cikin casis. Ƙarfen ba curarre ba ne, akwai rami a cikinsa kamar bututu mai kusurwa huɗu, da 'yan ƙofofin da ruwa zai riƙa fita. Idan laka ta toshe ƙofofin, danshi ya samu wurin kwana, sai tsatsa ta fara ci daga ciki. Shi ya sa za ki ga waje lafiya lau alhali ciki ya zama gari. Da motar ta zo hannunmu kuma muka ɗora mata namu: taɓon damina da ba a wankewa, da takin zamani. Wannan na biyun ne ya ba ni mamaki. Ya ce duk buhun da ya fashe a bayan mota, ruwan sama ya jiƙa shi ya tsiyaya ƙasa, cin ƙarfe yake yi ba sassauci, kuma motocin manoma da yawa da ake kawo masa daga nan suke mutuwa.

Sai ya nuna rodin nan da aka liƙa. Bai zagi wanda ya yi ba, ya dai girgiza kai. Ya ce walda ba ta kama tsatsa, ƙarfe mai rai take kamawa. Wanda ya ɗora faci a kan ruɓaɓɓen wuri ya ɓoye ciwon ne kawai, har ma ya ƙara wa ruwa maɓoya. Na ce a raina, mu ma haka muke fama da masu rufe gyambo da bandeji ba a wanke shi ba.

Hanya uku ya shimfiɗa wa Baba. Ta farko a sayar da ita ga masu yanka motoci, a ƙara kuɗi a nemi wata. Baba ya ɗaga hannu tun bai ƙarasa ba. Ta biyu a sayi casis sukutum na wata motar da aka yanka, a kwashe komai a mayar kansa. Yana da kyau idan an dace, amma sau da yawa motar da aka yanka hatsari ta yi, ƙarfen ya karkace yadda ido ba ya gani. Ga kuma maganar lamba: kowace mota da lambarta da aka buga a jikin casis, ita ce a takardu. Idan aka canja ƙarfen ba a bi hukuma an daidaita takardu ba, ranar da aka tare ka a hanya sai a ce motar sata ce, kuma babu tabbacin cewa wadda aka ciro shi daga jikinta ba ta sata ba ce. Ta uku, tunda rabin gaba lafiyarsa ƙalau kuma a nan lambar take, a yanke daga tsakiya zuwa baya a ƙera sabo.

"A ƙera?" na tambaya. "A nan?"

Ya dube ni ya yi dariya. "Hajiya, aikin me kike yi?"

Na gaya masa. Tun daga lokacin na zama Sista a bakin kowa a garejin.

"To Sista, ku kuna ɗora ƙashi. Mu ma haka."

Na so in ce masa ƙashi yana haɗe kansa idan an ɗora shi, ƙarfe kuwa ba ya yi, amma na ga shi ya fi ni sanin wannan.

Ranar farko ta tafi a kwance-kwance. Aka sauke akwatin baya, yara shida suka ɗauke shi da kabbara. Aka cire batir, aka zuƙe mai, aka sauke tankin aka kai shi can nesa bayan rumfa. Dattijon da kansa ya tsaya a kan wannan, ya ce tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin da ya rage shi ne ke fashewa. Da komai ya sauka sai ga casis tsirara, kamar tsani an kwantar. A nan na ga girman abin. Inda sifirin na baya yake kamawa saura ƙiris ya rabu. Siririn bututun da ke kai man birki zuwa tayoyin baya shi ma ya yi ƙuraje, ya lanƙwasa shi kaɗan sai ya tsage. Ƙanena da ya gani ya koma gefe ya zauna, bai sake magana ba har la'asar.

Kafin a yanka komai sai da aka yi awo. An ɗora motar a kan kafafun ƙarfe a wuri mai daidai, an liƙa wasu sanduna a gicciye don kada ta motsa, sannan dattijon ya ja tef daga kusurwar hagu ta gaba zuwa ta dama ta baya, ya sake ja ta ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, in ji shi, mota za ta riƙa tafiya a karkace kamar kare, tana cin taya gefe guda. Ya rubuta lambobin da alli a jikin ƙofar garejin. Ya kuma sa yaro ya yanko kwalin taliya ya zana siffar tsohon ƙarfen a kai, da lanƙwasarsa ta saman tayar baya, da kowane rami na noti.

Washegari muka hau Keke Napep ni da babban yaronsa, da kwalin a hannu, zuwa tsohuwar Fanteka neman farantin ƙarfe. Wannan tafiyar ita ce ribata a zuwan gaba ɗaya. Duk abin da muke amfani da shi a gida ba mu tambayi daga ina ya fito ba, ga shi ana haihuwarsa a gabana: tukwanen dalma ana zuba su a cikin yashi, murhun gawayi, baro, ƙyauren ƙarfe, gadaje, akwatunan 'yan makarantar kwana, injin niƙa, injin casar masara. Lunguna ne matsattsu, kina kauce wa tartsatsi ta dama sai ki ci karo da mai tura kura ta hagu. Yaron ya nuna mini wasu samari biyu masu tsaftatattun kaya sun sunkuya kan wata takarda tare da wani maƙeri, ya ce ɗalibai ne suka kawo zanen aikinsu na ƙarshen karatu a fitar musu. Masu takarda da masu guduma, kai a haɗe.

Mun daɗe wajen zaɓen ƙarfe. Na zaci mai kauri shi ne mai kyau, na nuna wani. Yaron ya ce a'a, Oga ya ce kaurinsa ya zo daidai da na asali, wajen milimita 3. Casis yana ɗan lanƙwasawa idan mota ta shiga gargada, haka aka yi shi. Idan aka haɗa mai kauri sosai da siriri, mai kaurin ba zai ba da kai ba, sai siririn ya tsage daidai bakin haɗin. Aka yanka, aka kai wa mai injin lanƙwasa ya karya shi bisa zanen kwalin.

Wajen haɗawa ne na ga dalilin da ya sa aka ce sai Fanteka. Bai yanke tsohon ƙarfen a miƙe daga sama zuwa ƙasa ba, a karkace ya yanka, don nauyi ya bazu a kan doguwar walda maimakon ya taru a layi ɗaya. Da waldar lantarki ya yi, ba ta gas ba. Kuma ba ya zarcewa: ya ɗan yi nan, ya koma ɗaya gefen, ya tsaya ya sake jan tef, saboda zafi yana jan ƙarfe ya murɗe. Bayan ya gama ya ɗora wani faranti mai siffar idon zakara a kan haɗin don ƙarin ƙarfi. Ya ce a wajen wani ubangidansa ya koyi wannan, wanda ya yi aiki a kamfanin haɗa Peugeot na Kakuri, kamfanin da ya fara fitar da motoci a 1975, zamanin da Fijo 404 da 504 suka cika titunan ƙasar nan.

Bari in ɗan sa rigar aikina, don na san a cikinku akwai waɗanda 'ya'yansu ke koyon walda. A garejin nan akwai garkuwar fuska ta masu walda, amma na ga wani ƙaramin yaro yana leƙen wutar daga gefe da ido tsirara. Hasken walda yana ƙona fatar ƙwayar ido. Ba a ji nan take, sai cikin dare yaro ya tashi yana kuka kamar an zuba masa yashi, hawaye na zuba, ba ya iya kallon fitila. Yawanci yana warkewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, amma kada a ɗiga masa ruwan albasa, ko nono, ko wani abin da maƙwabciya ta ce. A bar shi a wuri mai duhu, kada ya murza, a kai shi a duba, musamman idan ana zaton ɓarɓashin ƙarfe ya shiga. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare wannan haske. Idan za ki saya wa ɗanki abu ɗaya ranar da ya fara zuwa gareji, garkuwar nan ce. Sai allurar tetanus. Mutane na cewa tsatsa ce ke kawo cutar, alhali ƙwayar cutar a cikin ƙasa da ƙazanta take, ƙarfen hanya kawai yake buɗe mata. Na tambayi yara bakwai a wurin, biyu ne suka tuna an taɓa yi musu tun bayan ƙuruciya. Dattijon ya ce in rubuta masa sunan allurar a takarda, ya soke ta a aljihun gaba.

Da azahar komai yake tsayawa. Injina su yi shiru, a shimfiɗa tabarmi a tsakanin motoci, a wanke hannu da omo kafin alwala. Akwai wata mai abinci a bakin layin, shinkafa da wake da mai da yaji, ita ce ta ba ni kujera da inuwa kwana ukun nan. Da ta ji labarin motar sai ta ce ita ma a bayan akori-kura aka kai ta haihuwar fari daga ƙauyensu, kuma a hanya ta haihu. Ta ce tun daga ranar ba ta taɓa tunanin abin da ke ƙarƙashin katifar ba. Na ce ni ma sai bana.

Kwana uku na yi, hutuna ya ƙare na koma bakin aiki. Aikin kuwa sai da ya ci kwana tara. Ƙanena ya riƙa turo mini hotuna ta WhatsApp: an goge ƙarfen ya yi fes, an shafa jan fentin da ke hana tsatsa, an bi da baƙi, an fesa mai a cikin ramin, an sa sabon bututun birki, an bar ƙofofin ruwa a buɗe. Kuɗin ya ci masara buhu da yawa, har da ɗan abin da na ajiye na adashi. Yayarmu ta ce da an sayar an huta, kuma ban ce ba ta da hujja ba, domin injin ma ya tsufa. Amma kuɗin da za a samu ba zai sayi wata ba, ƙauyen kuma zai zauna babu mota ko ɗaya da za a buga wa ƙofa.

Sharuɗɗan da dattijon ya ba Baba ranar sallama ƙanena ya karanto mini ta waya. A shimfiɗa leda mai kauri kafin a loda taki, a share a wanke bayan an sauke. Duk ƙarshen damina a kai ta a wanke ƙasanta da ruwa mai ƙarfi, a tsokane ƙofofin ruwa da waya. Kada lodi ya wuce buhu 10, domin kimanin tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, ba 16 da suka saba ba. Bayan wata uku a dawo da ita ya ga haɗin. Baba ya amince da duka, sai na buhu 10 ɗin ne aka yi ta ja-in-ja.

Da ƙafarta ta koma gida. An ce a Maigana mutane suka riƙa ɗaga wa Baba hannu kamar ya dawo daga Makka. Bayan sati biyar, wajen ƙarfe biyu na dare, wayata ta yi ƙara ina bakin aiki. Ƙanena ne, ina jin iska da kukan inji a bayansa. Matar maƙwabcinmu ce, cikin fari, tun magariba ake abu ɗaya. Na gaya masa su kwantar da ita ta gefen hagu, ya bi ramuka a hankali, na kuma tambaye shi mutum nawa ne a baya.

"Huɗu, Yaya. Da katifa."

Da asuba ya turo saƙo: mace aka samu, uwa da 'ya lafiya. A ƙasan saƙon ya ƙara da cewa Baba ya ce in tambayi dattijon Fanteka ko buhu 12 zai yiwu.